Shamuwa ta daina zuwa Kaduna ne, ko ni ne ban gan ta ba?

Malamin_Unguwar_Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana tara ke nan da aka yi ruwan farko a nan Unguwar Rimi. Ƙasa ta yi ƙamshi, shinge ya fita har ya cika gindin fitilar ƙofar gida, kwaɗi sun fara kuka a kwatar bayanmu. Amma har yanzu ban ga shamuwa ko ɗaya ba. Muna yara a ƙauyenmu ta wajen Giwa, ita ke riga ruwa zuwa. Da an gan ta a kan tsamiyar ƙofar mai unguwa sai tsofaffi su ce a fito da fartanya a fara sharar gona. Tun watan Fabrairu na ajiye kasko da ruwa a gindin mangwaron bayan gidana, kullum bayan sallar asuba ina zama da littafi ina rubuta duk tsuntsun da ya sauka: kurciya, gwara, baiwar Allah, kabare, wani lokaci ragon maza ya fito daga cikin shinge yana tafiyarsa ta kasala. Na san kasko ba zai jawo shamuwa ba, amma da nakan hango su suna shawagi sama ta wajen kogi. Bara na ƙirga uku. Bana babu. Akwai wanda ya gan ta a Kaduna?

Uwar_Biyu_Malali:
Wa alaikumus salam Malam. Wallahi sai da na karanta wannan na tuna rabona da ganinta ya fi shekara biyar. 'Ya'yana ma ba su san sunan ba.

ƊanKawo:
Malam ai shekaranjiya na ga garkensu a hanyar Rigachikun, farare tas, suna bin shanu.

Malamin_Unguwar_Rimi:
@ƊanKawo ƙanina waɗannan belbela ce ka gani. Shamuwa baƙa ce, cikinta ne kawai fari. Ta fi belbela girma, ƙafafunta dogaye masu ja a gwiwa da yatsu, in ka matsa kusa lokacin da take sheƙa za ka ga fatar fuskarta shuɗiya da ɗan ja kusa da ido.

ƊanKawo:
To na gode da gyara. Ni tun tasowata duk tsuntsu mai dogon wuya shamuwa nake ce masa.

Baba_Direban_Tirela:
Belbela ci da motsin wani, ita ai ba ta barinmu. Malam, shamuwarka tana nan lafiya. Makon jiya na taso daga Funtuwa, tun kafin Zariya nake ganinsu a kan bishiyoyin cikin ƙauyuka, wata da kara a baki. Shekara talatin ina bin hanyar nan, kuma abin da na lura shi ne daga Zariya zuwa sama, Kano, Katsina, Daura, can ne gidanta. Kaduna hanya ce gare ta. Ta yiwu ranar da suka wuce kana masallaci ko kana wurin aiki. Kada ka yanke mata hukunci da abin da ka gani daga bayan gida ɗaya.

Malama_Kimiyya_Barnawa:
Baba ya yi gaskiya a babban ɓangare. Shamuwa ba daga Turai take zuwa ba kamar yadda wasu ɗalibaina suke zato, 'yar Afirka ce gaba da baya. Tana hayayyafa a yankin da ya taso daga Senegal har bakin Bahar Maliya a lokacin daminarmu. Da ruwa ya ɗauke sai ta tsallaka zuwa kudancin nahiyar, Zambiya, Zimbabuwe, Botswana, har Afirka ta Kudu, inda su kuma a lokacin daminarsu ke kankama, daga Nuwamba zuwa Maris. Wato damina biyu take ci a shekara. Ba ita ke kawo ruwa ba, abincinta take bi: fara, tsutsar ciyawa, kwaɗi, duk abin da ruwa ke tasowa da shi. Shi ya sa manomi yake ƙaunarta, domin abin da take ci shi ne abin da ke cin gonarsa. Inda ban yarda da Baba ba shi ne cewa babu abin da ya canja. Tsuntsuwar nan tana son dogon itace a cikin mutane da fili mai ciyawa a kusa. Ku dubi Kaduna yau. Fadamun da muka sani a bakin kogi sun zama gidaje, manyan itatuwan cikin unguwanni an sare an yi shaguna. Ko mai wucewa ne, sai ya ga wurin sauka yake sauka.

Hajiyar_Tudun_Wada:
Malama kin taɓo inda ke min ciwo. Akwai wata ƙatuwar ɗorawa a layinmu, tun ina amarya take nan. Da yamma in ka zauna ƙarƙashinta ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniyar tsuntsaye. Da aka sayar da filin, rana ɗaya aka kawo injin yanka aka kwantar da ita. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon sheƙar kabare sun zube a ƙasa kamar ƙananan kwanduna, wasu da ƙwai a ciki. Da magariba tsuntsayen suka dawo suna ta zagaya wurin da itacen yake, babu inda za su sauka. Na shiga ɗaki na yi hawaye, maigida yana tambayata wa ya rasu.

Uwar_Biyu_Malali:
Allah sarki Hajiya.

Injiniya_Mando:
Ni fa tambayata ba shamuwa ba ce. Ina ungulu? Da in ka je kwata da safe sai ka kore su da ƙafa. Ranar Babbar Sallah rufin kwano har ƙara yake don nauyinsu. Ɗana mai shekara goma sha biyu bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba, sai a littafin makaranta. Muna ta cewa ungulu ba ki jewar banza, yara ba su san wadda ake nufi ba.

Malama_Kimiyya_Barnawa:
@Injiniya_Mando wannan ta fi ta shamuwa tsanani nesa ba kusa ba. Shamuwa har yanzu tana da yawa a duniya. Ungulun da muka saba da ita a kwata da kasuwa kuwa tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A wajenmu manyan dalilan su ne kama ta da ake yi ana sayar da kai da ƙafa da gashinta don tsubbu da magani, da kuma guba da ake sa wa mushe. A Indiya wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe sama da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulayensu daga shekarun 1990, sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Da suka ƙare mushe ya rinƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita. Ungulu mai shara ce Allah ya ba mu kyauta, muna ƙyamarta.

Ɗan_Kasuwar_Bacci:
Gaskiya ne maganar saye da sayarwa. Na sha gani da idona a kasuwannin ƙauye, busasshen kai a kan buhu. Kuma tsadarsa ƙaruwa take yi tunda ta yi wuyar samu, tsadar ce kuma ke ƙara sa a neme ta.

Sojan_Ruwa_Mai_Ritaya:
Salamu alaikum. Bari in kawo muku labarin bakin teku, domin shekara ashirin da biyu na yi tsakanin Legas da Kalaba kafin in dawo gida Kabala. Malam, a can ban taɓa jin wani ya ambaci shamuwa ba. Abin da ya ba ni mamaki shekarata ta farko shi ne, su shirwa ce mai yi musu shelar yanayi, amma a juye. Wajen watan Oktoba, da ruwa ya fara ja da baya, sai ka ga shirwa ta cika sararin Apapa tana shawagi kan kasuwar kifi. Duk rani tana nan. Da hadari ya fara haɗuwa sai ta ɓace, ta yo arewa. Wato ita ma ruwan take bi, kamar shamuwa, tafiyarta ce ba ta kai nisan ta shamuwa ba.

Sannan akwai baƙin bakin ruwa. Teku yana da cika da janyewa sau biyu a yini. In ya janye sai laka ta bayyana, faɗinta kamar filin idi, ƙananan ƙaguwa suna ta gudu a kai. Daga Satumba zuwa Afrilu wannan laka cike take da wasu tsuntsaye masu launin ƙasa da siraran ƙafafu, wani bakinsa dogo a lanƙwashe kamar lauje yana zura shi cikin ramin ƙaguwa, wasu ƙanana suna bin igiyar ruwa da gudu, in ta dawo su juyo. Wani jami'inmu mai madubin hangen nesa shi ya fara gaya min daga arewacin Turai da Rasha suke, can suke yin ƙwai, sanyi ke koro su. Na ce tsuntsun da bai kai kurciya ba? Ya ce ƙwarai. Tun ranar na daina raina ƙaramin tsuntsu.

A watannin rani kuma kunkurun teku kan fito cikin dare ta haƙa rami a yashi ta zuba ƙwai ta rufe ta koma. Sau ɗaya na ga sawunta da asuba, kamar an ja buhun masara daga ruwa zuwa tudu. Duk wanda ya je Legas ya daure ya shiga gandun Lekki na gidauniyar kare muhalli ta NCF, an kafa shi a 1990, hekta 78 ne a tsakiyar gine-gine, da birai da gadar sama mai tsawon mita 401 wadda ake bi ta saman itatuwa.

ƊanKawo:
Ranka ya daɗe wannan labari ya yi daɗi. Amma ta yaya aka san daga Rasha suke? Wa ya bi su?

Ɗalibi_Daga_Jos:
@ƊanKawo zobe ake sa musu a ƙafa, ɗan ƙaramin ƙarfe mara nauyi mai lamba da adireshi. In an sake kama tsuntsun ko an tsinci gawarsa a wata ƙasa sai a aika da lambar. Yanzu har na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya ake ɗaura wa manya. Ana wannan aiki a cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos. Tun kafin zobe ma akwai abin da ya buɗe wa Turawa ido. A 1822 an harbo wata farar 'yar'uwar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi tafiyar gaba ɗaya. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Kafin nan wasunsu sun ɗauka tsattsewa cikin laka take kwana har sanyi ya wuce. Alhali tana nan wajenmu, tana kwana cikin dogayen ciyayi a Boje ta jihar Kuros Riba, tururu kamar hayaƙi in magariba ta yi.

Malam, littafin nan naka yana da daraja fiye da yadda kake zato. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da ake yi, mutane irinka ne ke tura abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Ƙasar nan tana da nau'in tsuntsaye sama da 900. Rana da wuri kawai ake buƙata.

Malamin_Unguwar_Rimi:
Madalla ɗana, zan sa yarona ya saka min ita a waya. Amma littafin ba zan bari ba. Tunda ka ce yana da amfani, ga abin da na gani yau. Baiwar Allah biyu suka sauko bakin kasko, namijin ja kamar an tsoma shi a jan baba, macen launin ƙasa da ɗan ja a gindin wutsiya. A bayansu ga 'ya'ya huɗu suna karkaɗa fiffike suna neman a ba su. Uku iri ɗaya ne, na huɗun ya ɗan fi su girma kuma babu ja ko kaɗan a wutsiyarsa, bayansa da zane-zane. Amma uwar tana ɗura masa kamar sauran. Na fi minti goma ina kallo, har shayina ya huce.

Ɗalibi_Daga_Jos:
Malam ka ga abin da mutane ke tafiya mai nisa don su gani. Wannan na huɗun ba ɗanta ba ne. Akwai wani ɗan tsuntsu da namijinsa baƙi ne wuluk mai sheƙi da farin baki, macensa ba ta yin sheƙa, a cikin ta baiwar Allah take saka ƙwanta. Ɗan in ya ƙyanƙyashe, alamomin cikin bakinsa irin na 'ya'yan gidan ne sak, don haka uwar ba ta bambancewa. In namiji ne ya girma har kukan mai riƙonsa yake kwaikwayo. Duba kan wayar lantarki kusa da gidanka, za ka ga baƙin yana rera waƙa.

Baba_Direban_Tirela:
Ikon Allah. Mu da hankaka muka sani da mai da ɗan wani nasa.

Ɗalibi_Daga_Jos:
Baba shi ma hankaka haka ake yi masa. Akwai wani tsuntsu mai tukku da ɗige-ɗigen fari a fiffike da ke zuba ƙwai a sheƙarsa. Ni ina ganin masu karin maganar sun ga hankaka yana ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba ne, suka ɗauka sato shi ya yi.

Nas_Rigasa:
Ku yi haƙuri in shigo da maganar aikina. Kaskon ruwa abu ne mai kyau da lada, amma Malam a riƙa zubar da shi ana wankewa kullum ko bayan kwana biyu. Sauro cikin kamar mako guda yake tashi daga ƙwai zuwa mai cizo, ga damina ta shigo. Na biyu, masu kaji a gida kada su haɗa musu wurin sha da tsuntsayen waje. Kada mu manta murar tsuntsaye ta 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar nan aka fara tabbatar da ita a duk Afirka. In an ga mataccen tsuntsu kada yara su ɗauka da hannu.

Malamin_Unguwar_Rimi:
Na gode 'yata. Kullum da asuba nake juye shi a gindin ayaba in sa sabo. Kuma na ɗora shi kan tsohon turmi saboda kyanwar maƙwabta, bayan ta kashe min kurciya ɗaya a watan Maris.

Uwar_Biyu_Malali:
Ni matsalata yara da danƙo. Duk wanda ya taso a unguwarmu sai ya rataya shi a wuya. Ba ci suke yi ba, harbi kawai.

Liman_Ƙarami_Badarawa:
Hajiya a riƙa zaunar da su ana faɗa musu, suna ji. Shari'a ta hana a mai da mai rai abin gwajin harbi, kuma an yi mana bushara da lada a kan shayar da duk wani mai rai. Ni nakan fara musu da labarin alhudahuda da Annabi Sulaimanu a Suratun Namli, yadda ya duba rundunar tsuntsaye ya lura guda ɗaya ba ya nan. Sarki mai wannan mulki ya san wanda ya ɓace a cikin tsuntsayensa. Tambayar Malam ta asali ma irin wannan ce.

Gimbiyar_Kinkinau:
To Malam Liman, mujiya fa? Wata uku ke nan wata fara tana kwana a silin ɗin makarantar Islamiyyar layinmu. Mata sun tayar da hankali wai ita ke sa yara rashin lafiya, ana shirin kiran masu kama ta.

Liman_Ƙarami_Badarawa:
Camfi ne, kuma Musulunci ya kore camfi da tsuntsaye, har mujiya an ambata a hadisi. Yaron da ba shi da lafiya a kai shi asibiti.

Malama_Kimiyya_Barnawa:
Anti Gimbiya ki je ƙarƙashin inda take kwana, za ki ga wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe kamar kashin akuya amma sun fi girma. Amansu take yi. Ki fasa ɗaya da tsinke a gaban matan, gashi ne da ƙasusuwan ɓera, har da ƙoƙon kai da haƙora. Na yi wa ɗalibaina haka a aji, tun daga ranar babu mai jifanta. Idan ƙazantar ce ta dame su, a jira 'ya'yan su tashi sannan a toshe ramin.

Manomi_Kangimi:
Duk kun yi ta yabon tsuntsaye, ku zo gonar shinkafata in kaka ta yi. Kabaren nan da Hajiya ta yi wa kuka, ni shi ke sa ni kuka. Tun asuba yara na kan rumfa suna kaɗa gwangwani har rana ta faɗi. Na Kebbi da Jigawa da Yobe kuwa jan-baki ke sauka musu kamar hadari, sai an kai ga feshi da jirgin sama. Ba na cewa a kashe komai, amma mai kallo daga bayan gida da mai gona ba abu ɗaya suke gani ba. Shamuwa dai kam tamu ce. Malam, ranar Talata na ga bakwai a sabuwar huɗa kusa da dam, suna bin bayan garma suna tsintar tsutsa. Na ƙirga su sau biyu.

Hajiyar_Tudun_Wada:
Ban musa maka ba ɗan'uwa, ni ma 'yar manoma ce. Amma wanda ya sare ɗorawar nan ba don shinkafa ya sare ta ba.

Malamin_Unguwar_Rimi:
@Manomi_Kangimi bakwai! Alhamdu lillahi, ka faranta min rai. To ke nan sun iso jihar, cikin gari ne ban gansu ba. Sun yi sheƙa a wajenku ko kiwo kawai suka sauka?

Manomi_Kangimi:
Kiwo kawai. Da rana ta take suka hau iska suna zagayawa har suka zama ɗigo, suka miƙa arewa.

Baba_Direban_Tirela:
Ka ji ko. Abin da na faɗa tun farko.

Malama_Kimiyya_Barnawa:
Baba bakwai a Kangimi ba ta goge maganar itatuwan da aka sare ba. Sai an samu masu rubutawa shekara da shekaru kafin a ce ta ragu ko ba ta ragu ba.

Sojan_Ruwa_Mai_Ritaya:
Malam in kana da hali mu haɗu ranar Asabar bayan asuba a lambun Gamji, ta wajen tsohuwar gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Daga nan ana ganin kogi sosai, kuma ruwa bai cika ba tukuna, duwatsu da yashi suna waje. Makon jiya na ga zalɓe biyu da kirinjijiya sun fi ashirin suna wucewa da fito. Zan zo da madubina.

ƊanKawo:
Ni ma zan zo in an yarda. Ina so in ga bambancinta da belbela da idona.

Malamin_Unguwar_Rimi:
In sha Allahu ina nan tafe da littafina. @Ɗalibi_Daga_Jos na fita yanzu na duba wayar lantarkin, baƙin yana nan a kai kamar yadda ka ce, bakinsa fari.